Jan Mota Mai Aiki da Ƙafa Huɗu Ba Tare da An Kashe Giyabos Ba



Abin da aka nemi mu yi magana a kai yau shi ne yadda a ke jan mota mai aiki da ƙafa huɗu idan ta mutu a hanya, watau a ɗaura ta a bayan wata motar, ƙafafunta duka suna ƙasa, a kai ta gareji ba tare da an lalata mata giyabos ba. Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan zancen direbobi ne da kanikawa, me ya kawo shi zauren jami'a? To, da yawa daga cikinku nan da shekara ɗaya ko biyu za a tura ku aikin gona, ko na lafiya, ko na haƙa rijiyoyi, ko na zaɓe, a ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, kuma irin wannan motar za a ba ku. Ranar da ta mutu tsakanin wannan gari da wancan, direba zai juyo ya dube ku, domin ku ne manya a cikin motar. Ku za ku ce a ja ko kada a ja, ku ne kuma za ku rubuta bayani idan an koma ofis. Saboda haka ya kamata ku san abin da ke faruwa a ƙarƙashin motar sa'ad da a ke jan ta.

Irin waɗannan motoci sun yaɗu ne daga Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kamfanonin Willys da Ford na Amurka suka ƙera wa soja jif fiye da 600,000 tsakanin 1941 da 1945. Kamfanin Rover na Ingila ya ɗauki darasi daga nan, ya fito da Land Rover a 1948. Toyota ta Japan ta fara tata a 1951, ta raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Ita kuwa Hilux, wadda ta zama motar rangadin ma'aikatu da yawa a ƙasashenmu, an fara ƙera ta a 1968, amma sai a 1979 aka fito da mai aiki da ƙafa huɗu. Ganin yadda su ke ratsa yashi da laka ya sa mutane suna zaton ba abin da zai iya karya su. Alhali kuwa abin nan da ya ba su ƙarfi, watau haɗa ƙafafu huɗu da inji, shi ne ya sa jan su ya fi jan ƙaramar mota wuya.

Hanyar da ƙarfi ke bi

Bari mu fara da hanyar da ƙarfin inji ke bi kafin ya kai ƙasa. Daga inji ya kan shiga kuloci, daga kuloci ya shiga babban giyabos, inda direba ke canja lamba ɗaya, lamba biyu, har zuwa ribas. A ƙaramar mota daga nan sai ya wuce zuwa ƙafafu biyu. A tamu motar kuwa akwai wani akwati na biyu manne a bayan na farko, wanda za mu kira ƙaramin giyabos. Aikinsa shi ne ya raba ƙarfin gida biyu, ya ba farfelar gaba, ya ba farfelar baya, kuma a cikinsa giyar nan mai nauyi ta ke, wadda a ke sawa in za a hau dutse ko a fita daga laka. Kowace farfela tana juya aksul ɗinta, aksul kuma ya juya ƙafafu.

Idan inji ya mutu aka ɗaura igiya aka fara ja, sai al'amarin ya juya. Yanzu ƙafafu ne ke juya aksul, aksul ya juya farfela, farfela ta juya ƙaramin giyabos, shi kuma ya juya babban giyabos ta baya. Direba zai ce muku ai ya sa ta a firi, ba abin da zai faru. Gaskiya ne firi ya raba inji da ƙafafu, shi ya sa motar ta ke tafiya ba ta turjewa. Amma a tsakiyar babban giyabos ya raba su. Rabin akwatin na baya yana nan haɗe da ƙafafu, yana juyawa gwargwadon gudun da a ke yi. Tambayar da za ku yi ita ce, wa ke ba wannan rabin mai?

Inda man giya ke tsayawa

A cikin giyabos na hannu akwai sanduna uku na ƙarfe. Ta farko ta fito daga wajen inji. Ta biyu tana ƙasa, ɗauke da faya-fayai masu haƙora, kuma ita ce ke nutse cikin man giya. Ta uku ita ce mai fita baya zuwa ga ƙafafu. Muddin inji na aiki, sanda ta farko tana juya ta ƙasan, ita kuma tana ɗibar mai tana watsa shi sama, ya jiƙa kowane boris da kowane haƙori. Yawancin irin wannan giyabos ba su da famfon mai, watsin nan shi ne iyakar abin da su ke samu. Akwai masu famfo, kamar na wasu Land Rover, amma shi ma sandar ƙasan ce ke juya shi. Da zarar inji ya tsaya, ta farko da ta biyu sun tsaya. Ta ukun kaɗai ke gudu, cikin faya-fayan da ke tsaye cik a kanta, mai kuwa yana kwance a gindin akwati ba mai ɗaga shi. Ɗan man da ya rage a jikin boris zai ɗauki 'yan kilomita, sa'an nan ƙarfe ya fara cin ƙarfe.

Na atomatik ya fi wannan haɗari. Shi dukkan rayuwarsa bisa famfo ta ke, famfon kuwa inji ke juya shi. Shi ke tura mai cikin boris da faya-fayan kuloci, shi ke kai man wurin da zai huce ya komo. Dalilin ke nan da ya sa ba a tura mota mai atomatik ta tashi kamar yadda a ke tura mai giyar hannu, domin in famfo bai juya ba, babu abin da zai haɗa ƙafafu da inji. Wanda ya ja irin wannan mota da nisa, ko da libar tana kan N, yana gudu ne da giyabos busasshe.

Domin ku ga girman abin, mu yi ɗan lissafi da tsohuwar Land Rover. Tayarta ta kan ci kimanin mita 2.5 a juyi ɗaya. Idan ana jan ta kilomita 60 a sa'a, watau mita 1,000 a minti, tayar tana juyi 400 a minti. Aksul ɗinta kuwa an tsara shi ne farfela ta juya sau 4.7 kafin taya ta juya sau ɗaya. Ashe farfelar tana juyi 1,880 a kowane minti. Daga Zariya zuwa Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 80, za ta yi juyi wajen 150,000, kuma duk wannan yana shiga cikin akwatin da ba a watsa masa mai. Ba a jin ƙarar komai daga cikin mota, shi ya sa a kan isa gareji ana murna an zo lafiya.

Daga wannan bayani ƙa'ida ɗaya ta fito, wadda in kun riƙe ta kun riƙe laccar duka. Kafin a ja mota da nisa, dole a raba ƙafafunta da babban giyabos. Hanyoyin yin haka uku ne, kuma irin motar ce za ta nuna wadda za a bi.

Hanya ta farko: firin ƙaramin giyabos

Ku dubi gefen libar giya. A motoci da yawa akwai wata gajeriyar liba ta biyu. A tsofaffin Hilux an rubuta mata H2, H4, N, da L4. A tsohuwar Land Rover ita ce mai jan kai, firinta kuma yana tsakiya, tsakanin giyar gudu da giya mai nauyi. Wannan N ɗin shi ne firin ƙaramin giyabos, kuma shi ke yanke hanya a bayan babban giyabos, inda ya kamata a yanke ta. A Amurka masu yawon buɗe ido su kan ɗaura Jeep Wrangler a bayan manyan motocinsu na kwana, su ja ta dubban kilomita ba abin da ya same ta, domin kamfanin ya tsara ƙaramin giyabos ɗinta yadda famfon mansa ke samun juyi daga ɓangaren farfelar baya. Ko inji na barci, mai na zagayawa.

Ga yadda a ke yi. A tsayar da mota wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a taka kuloci, a kai gajeriyar libar kan N. Sa'an nan a gwada, domin liba ta kan nuna ta shiga alhali ba ta shiga ba. In inji na tashi, a sa lamba ɗaya a saki kuloci a hankali, motar bai kamata ta motsa ba. In ba ya tashi, a bar ta cikin lamba ɗaya, a saki birki, mutum biyu su tura. Idan ta mirgina ba turjiya, hanya ta yanke. Motar da ke da makullan nan a cibiyar ƙafafun gaba, waɗanda a ke murɗawa da hannu, a murɗa su zuwa inda aka rubuta FREE. Wadda kuma ke da makullin tsakiya mai ɗaure gaba da baya, kamar tsohuwar Defender, a tabbata a buɗe ya ke.

Game da inda za a bar babbar liba, kamfanoni sun sha bamban. Littafin Wrangler ya ce a bar ta hannu cikin giya, ta atomatik kuma a kan P, bayan an kashe inji. Hikimar ita ce, man da ke zagayawa cikin ƙaramin giyabos ya kan ɗan ja sandar babban giyabos ta riƙa juyawa, giya ko P kuwa su kan riƙe ta. Littafin tsohuwar Defender ya ce a sa su duka biyu a firi. Kowane kamfani ya san abin da ya ƙera, saboda haka kada a ɗauki dokar wannan mota a ɗora wa waccan.

Akwai gargaɗi biyu a nan. Na farko, idan ƙaramin giyabos na kan N, giya da P ba su riƙe mota. Wanda ya kwance igiya a gangare bai ja birkin hannu ba, bai sa dutse ba, zai ga motarsa ta kama hanya ita kaɗai. Na biyu, ganin N a jikin liba bai isa izini ba. A wasu motoci famfon ƙaramin giyabos daga ɓangaren inji ya ke samun juyi, saboda haka shi ma ya kan bushe. Toyota ba ta yarda a yi wa yawancin motocinta irin jan nan na dogon zango da a ke yi wa Wrangler ba. Abin da littattafanta da yawa suka yarje shi ne jan gaggawa, bisa hanya mai kyau, kada a wuce kilomita 80, kada gudu ya kai kilomita 30 a sa'a. Watau Zariya zuwa Kaduna ita ce iyaka, kuma tafiyar za ta ci sa'a biyu da minti 40 ko fiye. Wanda ya ga wannan ya yi masa jinkiri, sai ya tuna sauri ya kan haifi nawa.

Hanya ta biyu: kwance farfela

Motocin zamani da yawa ba su da gajeriyar libar. Hilux da aka fara fitarwa a 2015, alal misali, wani maɓalli a ke murɗawa, mai H2 da H4 da L4, babu N a jikinsa. Irin wannan, da duk motar da tafiyarta ta zarce iyakar da littafi ya sa, da wadda giyabos ɗin ne ma ya sami matsala tun farko, maganinsu shi ne a kwance farfela. In an kwance ta, ƙafafu za su juya aksul kaɗai, aksul kuwa yana watsa wa kansa mai duk lokacin da ya ke juyawa.

Aikin ba shi da wuya ga wanda ke da sifana. Galibi noti huɗu ne ke riƙe da farfela a bakin aksul. Kafin a kwance, a yi alama da alli ko fenti a bakin biyu, domin a mayar da ita yadda ta ke, in ba haka ba motar ta iya kama karkarwa daga baya. A ɗaga kan farfelar a ɗaure shi tam da waya mai ƙarfi a jikin ƙarfen gindin mota, kada ya faɗo ya caki ƙasa ana cikin tafiya. Kada a zare ta daga ɓangaren giyabos, domin a wasu motoci mai zai zubo. Notocin kuma a ƙulle su a tsumma a ba mutum ɗaya ya riƙe. Motar da ke tafiya da ƙafafun baya kullum, mai makullan cibiya a gaba, farfelar baya kaɗai za a kwance a buɗe makullan. Wadda ƙafafunta huɗu ke aiki kullum, kamar Defender da Range Rover da Prado, sai an kwance duka biyu.

Kafin kowa ya shiga ƙarƙashin mota, a sa duwatsu gaba da bayan taya. Wannan ya fi zama wajibi a tsohuwar Land Rover da tsohuwar Defender, domin birkin hannunsu farfela ya ke kamawa a bayan ƙaramin giyabos, ba ya zuwa ƙafafu. Da an cire noti na ƙarshe, birkin hannu ya tashi daga aiki, ga mutum kwance ƙarƙashin mota.

Hanya ta uku: a ɗauke ta gaba ɗaya

Akwai ƙananan jif na cikin gari, irin su RAV4 da Highlander masu aiki da ƙafa huɗu, waɗanda ba su da giya mai nauyi, ba su da firi na biyu. Su wata na'ura ce a tsakiya ke lura da bambancin gudun ƙafafun gaba da na baya, ta raba ƙarfi da kanta. Babban abin da ke kashe su shi ne janwen da zai ɗaga ƙafa biyu ya bar biyu a ƙasa. Biyu na tsaye, biyu na gudu, na'urar tana ta ƙoƙarin daidaita su har ta ƙone. Irin waɗannan, da motoci masu aiki da lantarki, a nemo babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya a ɗora su, sai fa in littafin motar ya faɗi wata hanya. Kuɗin ɗaukar zai yi zafi a ranar, amma bai kama ƙafar kuɗin giyabos ba.

Rayukan da ke cikin motar

Mun daɗe kan giyabos, amma rai ya fi shi tsada. Idan inji ya mutu, abin da ke taimakon birki ya mutu. Bayan taku biyu ko uku birkin zai yi tauri, sai an danna da ƙarfi ƙwarai kafin ya kama. Sitiyari ma zai yi nauyi. Kuma dole a bar makulli a jiki, a murɗa shi matakin farko, domin in aka zare shi sitiyari zai kulle a kwanar farko. Idan injin yana tashi, matsalar a wani wuri ta ke, barinsa yana aiki a hankali ya kan dawo da birki da sitiyari, ya kuma sa mai ya zagaya.

Sandar ƙarfe ta ja ta fi igiya aminci, domin ba ta barin motar baya ta hau ta gaba. In igiya ce kaɗai a hannu, a ɗaura ta a ƙugiyar da aka yi domin ja, kada a ɗaura a bamba ko a ƙarfen sitiyari. Dokar Ingila ta hana tsakanin motocin biyu ya wuce mita 4.5, ta kuma ce in ya wuce mita 1.5 a sa wa igiyar alamar da za a gani. Ma'auni ne mai kyau, jan ƙyalle a tsakiyar igiya ya wadatar. Motar da ke ja kada ta gaza wadda a ke ja nauyi. Fasinjoji su koma motar gaba, a bar ƙwararren direba shi kaɗai a ta baya, su kuma shirya alamar tsayawa tun kafin a tashi. Bayan kilomita kaɗan a tsaya, a kai hannu kusa da giyabos. In ya yi zafin da ba a iya taɓawa, ko ana jin ƙaurin mai, tafiya ta ƙare a nan.

Abin da ya rage gare ku

Ɓarnar da jan ganganci ke yi ba ta cika bayyana a ranar ba. A kan gyara abin da ya kashe injin, mota ta koma aiki, sai bayan mako uku ko wata guda giyabos ya fara kuka, ko giya ta riƙa fita da kanta. A lokacin an manta da ranar da aka ja ta. Sai a ce tsautsayi ne, ko a ɗora wa bakanike laifi, motar kuma ta hau duwatsu a bayan ofis tana jiran kuɗin gyara. Asibitin ƙauyen da ke jiran magani, da manoman da ke jiran malamin gona, su ne za su biya wannan bashi, ko da ya ke ba wanda zai rubuta sunansu a takardar bayani.

Saboda haka muna roƙonku, ranar da aka damƙa muku mota, kafin ku fita rangadin farko, ku nemi littafinta ku karanta babin ja, shafi biyu ne ko uku. In littafin ya ɓata, kamfanoni da yawa sun sa nasu a intanet. Ku zauna da direba ku duba ko motar tana da firi na biyu, ku tambaye shi ko akwai sifanar da ta dace da notin farfela cikin kayan aikinsa, ku kuma san inda a ke samun motar ɗauka a yankin da za ku. Tsofaffin direbobi da yawa sun san duk abin da muka faɗa tun kafin a haife mu, abin da ke hana su yi shi ne maigida na gaggawa. Idan direba ya ce ku ba shi rabin sa'a ya kwance farfela, ku ba shi.

Iyakar abin da muka tanada ke nan. A shirye mu ke mu amsa tambayoyi. Allah ya kiyaye hanya.